Ƙunar kaka ko hana wuta kwata-kwata: wanne ya fi mana a dazukan Kaduna?

Satin da ya wuce muka zauna a ƙofar gidan mai unguwa a ƙauyenmu ta wajen Igabi, manoma da Ardo da mutanensa da matasan da ke zuwa farauta, maganar guda ɗaya ce, bana ya za mu yi da dajin da ke bayan gonakinmu. Wajen nan rabi gandun gwamnati ne, rabi kuma makiyaya ce ta gari, kuma ba shekarar da wuta ba ta cinsa. Mutane suka rabu biyu. Wasu suka ce a kafa doka kawai, duk wanda aka kama da ashana a daji a ci shi tara, a share layin da zai tare wuta a tsare wajen har ruwa ya sauka. Wasu kuma suka ce a'a, mu da kanmu mu ƙona shi da wuri, tun ciyawa da sauran ɗanyenta, kafin wani ya zo ya ƙona mana shi a watan Fabrairu. Aka yi ta ja har magariba ba a tsai da magana ba. To ni na gwada duka biyun a gonata, ɗaya ta ci ni ɗaya ta cece ni, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta abin da na sani, don na san ba mu kaɗai ke cikin wannan ba, daga Buruku har Kachia har Birnin Gwari maganar kenan da zarar hunturu ya buso.

Bari in fara da ɓangaren hana wuta, don nan zuciyata ta fara karkata. Shekarun baya na dasa mangwaro da kashu a wata gona da ke iyaka da gandun, na ce wallahi wuta ba za ta taɓa min wajen nan ba. Shekara uku ina biyan yara suna share layi a kewaye, kuma shekara ukun Allah ya tsare. Abin gwanin sha'awa. Ƙasa ta yi laushi, ganye ya ruɓe ya zama taki, 'ya'yan doka da marke da ƙirya suka fara tsirowa da kansu a gefen da ban nome ba, har makwarwa ta dawo tana kwana a wajen. Duk wanda ya ce hana wuta ba ya gyara daji bai gani ba ne. Yana gyarawa ƙwarai.

Amma abin da ban lissafa ba shi ne ciyawar da ke taruwa. Gamba ta bara ta kwanta, ta bana ta hau kanta, ga kyasuwa, ga ƙyara, ga busasshen ganye, a gefen gandun har ta fi tsayin mutum. A shekara ta huɗu, ƙarshen Fabrairu, da rana tsaka wajen ƙarfe biyu aka kira ni a waya wai wuta ta taso daga cikin daji. Kafin in iso a mashin ta riga ta iso. Ƙarar da gamba ke yi tana fashewa tun daga nesa kake jinta, shirwa sun cika sama suna shawagi suna cafke fara, hayaƙi ya rufe rana ta koma ja. Layin da na share taku huɗu ne, iska ta ɗauki tartsatsi ta tsallake shi kamar ba a yi ba. Mun kai mu goma da rassan darbejiya a hannu amma ba wanda ya iya matsawa kusa saboda zafi, fuska kamar za ta saɓule. Washegari na zagaya, bawon mangwaron ya tsage ya yi baƙi, na kankara da farce in ga ko da kore a ciki, babu. Fiye da rabin dashen ya tafi. Har yau ban san wanda ya kunna ba, ko mai neman gafiya ne, ko mai ɗiban zuma, ko guntun sigari.

Nan ne matsalar hana wuta take. In ta yi aiki, ba abin da ya kai ta. In ta kuɓuce sau ɗaya tak, sai ta karɓe duk ribar shekarun da ka tara, da ƙari, domin wutar da za ta zo ta sami abinci na shekara uku ko huɗu a jibge. Kuma sai ka tambayi kanka tsakani da Allah: a dajin da kowa ke shiga, mafarauci da makiyayi da mai gawayi da mai itace, za ka iya tsare shi wata biyar cur, daga Nuwamba zuwa Afrilu, dare da rana, kowace shekara?

Ba mu kaɗai muka taɓa wannan tunanin ba. Amurka ma da kuɗinsu da jiragensu sun bi wannan hanyar. A 1910 wata gobara ta cinye dajin da ya kai eka miliyan 3 a jihohin Idaho da Montana da gefen Washington, mafi yawa cikin kwana biyu, ta kashe sama da mutum 80, akasarinsu masu kashe wutar ne. Abin ya girgiza hukumar gandun dajinsu har a 1935 suka kafa ƙa'ida cewa duk wutar da aka ba da rahotonta dole a kashe ta kafin ƙarfe 10 na safen washegari. Suka yi shekara arba'in da wani abu a haka. Me ya biyo baya? A dazuka da yawa da a da ƙaramar wuta ke bi ta ƙasa tana share su lokaci-lokaci, sai ƙananan itatuwa da busassun rassa suka cushe, wuta in ta tashi sai ta hau har ƙololuwar bishiya. A 1978 suka ajiye waccan ƙa'idar, yanzu su da kansu suke kunna wuta da gangan a dazukan gwamnati. Dajinsu ba irin namu ba ne, nasu itacen fayin (pine) ne namu ciyawa ce ke ɗaukar wuta, amma darasin ɗaya ne, abin ƙonewa in ya taru sai ya ƙone.

Wanda ma ya fi kusa da mu, an yi gwajin nan a Najeriya. A gandun Olokemeji, tsakanin Ibadan da Abeokuta, tun 1929 aka ware fili kashi uku: ɗaya ba a barin wuta ta shiga, ɗaya ana ƙonawa farkon rani, ɗaya kuma sai ƙarshen rani. An yi irinsa a Kokondekro kusa da Bouaké a Kodebuwa daga 1936. Bayan shekaru masu yawa sakamakon ya fito iri ɗaya. Wanda aka hana wuta ya rufe ya zama kurmi. Wanda ake ƙonawa da wuri itatuwansa sun tsaya, daji ne mai bishiya da ciyawa yadda muka saba gani. Wanda ake bari sai ƙarshen rani shi ne ya tsiyace, itatuwa suka yi ta mutuwa sai 'yan masu taurin bawo. Kun ga ke nan hana wuta ita ce ta ɗaya, ƙunar farko ta biyu, wutar ƙarshen rani ta kashin baya. Sai dai fa waɗancan filayen gwaji ne 'yan ƙanana da ma'aikata ke gadi. Mu a nan in muka ce mun zaɓi ta ɗaya alhali ba mu da ƙarfin tsarewa, a zahiri ta ukun muka zaɓa ba mu sani ba.

To yanzu ƙunar kaka, wadda wasu ke kira ƙunar farko. Ruwa a wajenmu yana ɗaukewa cikin Oktoba, to daga nan zuwa farkon Disamba akwai 'yan makonnin da saman ciyawa ya bushe amma gindinta da sauran danshi, da safe kuma akwai raɓa. In ka sa wuta a lokacin, da yamma liƙis bayan la'asar iska ta kwanta, tafiya take a hankali, harshenta da ƙyar ya wuce gwiwa ko ƙugu, tana ci tana tsallake wasu wurare, dare na yi sanyi ya sauka sai ta mutu da kanta. Bayan asarar da na yi, wani tsohon malamin daji da ya yi ritaya shi ya nuna min yadda ake yi. Ya ce in murɗe ciyawa a hannu, in ta karye ƙaras to na makara, in ta lanƙwashe ta ƙi karyewa sosai to lokacin ne. Muka fara daga bakin layina, muka kunna ta yadda wutar za ta riƙa tafiya tana fuskantar iska, ba iska na korarta ba, mutum biyu da injin feshi cike da ruwa a baya, sauran da ɗanyen reshe. Na tsaya ina kallo wutar ta zo gindin wata 'yar kaɗanya da ba ta fi tsayina ba, ta lashe ciyawar gindin ta wuce, ganyen sama ko yaushi bai yi ba. Bayan kwana goma wajen ya yi kore shar da toho. Da wutar Maris ta zo a shekarar, ta iso wannan baƙin filin ta rasa abin ci, nan ta tsaya.

Abin da ƙunar kaka ke saya maka ke nan, tana cinye abincin babbar wuta tun kafin ta zo. Kuma ga araha, ba ta son lebura mai yawa kamar sharar layi mai faɗi. A arewacin Ostareliya, yankin Arnhem Land, 'yan asalin ƙasar sun dawo da wannan dabarar ta kakanninsu a hukumance tun 2006, suna ƙona daji tsilla-tsilla farkon rani, manyan gobarar ƙarshen rani suka ragu, har wani kamfanin gas ya riƙa biyansu saboda hayaƙin da aka rage. Dajin nasu ma ciyawa ce da bishiya jefi-jefi da damina da rani, ya fi kama da namu a kan na Amurka.

Amma kar wani ya ɗauka ba ta da illa, tana da shi, kuma a zaman da muka yi masu adawa da ita ba shirme suke faɗa ba.

Na farko lokacinta ya yi karo da girbi. Nuwamba dawa na tsaye a gona, waken suya da shinkafa an tara ba a sussuka ba, wake na nan. Wuta ɗaya ta kuɓuce ta shiga tarin wani, to ka jawo rigimar da za ta kai gaban hakimi, ko ma ta wuce nan in ana zargin juna tsakanin manomi da makiyayi, kuma duk mun san yadda ƙaramin abu ke zama babba a jihar nan. Kuɓucewa kuwa tana faruwa ko ga ƙwararru. A 2022 a jihar New Mexico wutar da ma'aikatan gandun dajin Amurka suka kunna da hannunsu ce ta ƙwace, ta haɗe da wata, ta ci sama da eka 340,000 da gidaje ɗaruruwa, gobara mafi girma a tarihin jihar. Ɗaya daga cikin biyun ma tarin itace ne da aka ƙona tun cikin sanyi aka ɗauka ya mutu, ashe yana ci a ƙasa. Mu ma muna da irin wannan a ƙaramin mataki: busasshen kashin shanu da kututturen itace suna riƙe wuta kwana da kwanaki, ka tafi gida ka ce an gama, iska ta tashi da rana ta hura shi. Duk wanda zai yi ƙuna dole ya dawo washegari ya bi bakin layin da ƙafa yana tona duk abin da ke hayaƙi.

Sai maganar Ardo, wadda ta fi tsaya min a rai. Ya ce wa mai unguwa, ranka ya daɗe, toho daɗi gare shi amma na sati nawa ne? Busasshiyar ciyawar nan da kuke cewa a ƙona ita ce abincin shanunmu har Afrilu. Gaskiya ya faɗa. Toho yana da amfani a jikin dabba fiye da busasshiyar ciyawa, amma ba shi da yawa, in aka ƙone makiyaya gaba ɗaya a Nuwamba to a Fabrairu shanu za su rasa abin ci, sai a hau sassabe rassan madaci da kawo da maje, ko a matsa kusa da fadamun masu noman rani. Haka mata da tsofaffi masu yankan ƙyara da gamba don jinka da zana, su ma sai ciyawa ta ƙosa suke yanka, in ka riga su da wuta ka ƙona musu kuɗin shekara. Masu amya a kan bishiya su ma a sanar da su.

Ita ƙasa kuma, mu daina yaudarar kanmu cewa toka taki ce kawai. Eh akwai abin da toka ke bari, amma sinadarin naitirojin, wanda muke saye da tsada a buhun yuriya, yawancinsa hayaƙi yake bi ya tafi. Ƙunar kaka ta fi sauƙin ɓarna don ba ta cinye komai har ƙasa, amma in kowace shekara wuri ɗaya kake ƙonawa, ƙasar za ta yi ta rama, kuma inda tofa ta kama, wuta ƙara mata ƙarfi take don saiwarta na can ƙasa. Shi ya sa ni ko kusa ban yarda a ƙona cikin gona ba. Karan dawa da na masara a bar wa dabbobi da ƙasa. Maganar da nake yi ta daji ce da makiyaya da bakin iyaka.

To wanne za a ɗauka? Ni a ganina ya danganta da abin da ke tsaye a filin da kuma yawan hannun da ke gare ku.

In sabon dashe ne, mangwaro, kashu, lemo, ko irin dashen gwamnati na turare da tik da malaina kamar yadda ake da su a Afaka da Nimbia, wanda bai wuce shekara biyar ba, babu zancen ƙuna a ciki ko kaɗan. Ƙaramar wuta ma tana kashe ɗan itace ko ta mai da shi baya ya sake tohowa daga gindi. Nan hana wuta ce dole, amma a yi ta da gaske: a nome ciyawar cikin dashen ko a bar dabbobi su cinye ta in itacen ya fi ƙarfinsu, kar a bari ta taru kamar yadda na yi. Layi kuma taku huɗu ba layi ba ne in gamba ce a gefe, ni yanzu ba na yin ƙasa da taku goma, in da hali a sa tarakta ta bi da haro. Dabarar da ta fi min ita ce layi biyu, a share siriri nan, a share siriri can, a ƙone tsakaninsu da yamma. Ka ga an haɗa hanyoyin biyu ke nan, wuta a waje, tsaro a ciki. Turare musamman a kula da shi, ganyensa mai ne da shi, in ya taru a ƙasa ci yake kamar an zuba kananzir.

Haka kurmin bakin rafi da maƙabarta da duk wani ɗan wuri da gari ke iya sa wa ido, a hana wuta, zai rufe ya yi kyau kuma inuwar da kanta za ta kashe ciyawar a hankali.

Amma babban daji mai doka da kaɗanya da ɗorawa, wanda ba shinge ba mai gadi, wanda kowa ya san ko an ƙi ko an so sai ya ƙone, nan ƙunar kaka ta fi. Ko don kaɗanya da ɗorawa ma, domin cikin rani suke fure, wutar Fabrairu da Maris tana babbake furen, shekarar sai mata su rasa kaɗe da kalwa. Sharaɗin shi ne kar a ƙone duka. A bi bakin hanya da bakin gonaki da iyakar gandu, a yanka dajin gida-gida, a ƙona wani a bar wani, inda aka ƙona bana a huta da shi baɗi. Ardo ya nuna inda shanu za su ci a bazara a bar masa, masu jinka a ba su sati biyu su yanka, sannan a sa rana ɗaya kowa ya sani, a yi shela a masallaci da coci, ba wani ya tashi shi kaɗai da ashana ba.

Sannan ɓangaren gandun gwamnati ba namu ba ne da za mu shiga mu kunna don mun ga ya dace. Akwai dokar tarayya ta 2011 a ƙarƙashin NESREA, hukumar da ke kula da dokokin kare muhalli, kan ƙona daji, wadda ta ce sai da izini, kuma gandu yana da ma'aikatansa. Abin da ke damuna shi ne ma'aikatan nan sun yi kaɗan, kuma rashin tsaro ya sa wasu dazukan ba mai iya shiga. Dubi Kamuku a Birnin Gwari, gandun ƙasa ne tun 1999, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 1,000, ga shekarun da aka kwashe 'yan bindiga na ciki, wa zai je ya share layi ko ya yi ƙunar farko a kan lokaci a irin wannan hali? Inda hukuma ba ta iya kaiwa, mutanen ƙauyen da ke bakin dajin su ne kaɗai za su iya, to gara a ba su izini da horo da 'yan kayan aiki a yi abin a fili, da a ce an hana a takarda alhali kowace shekara baƙin toka na sauka a kan shanyar mutane har cikin Mando da Rigasa.

Mu dai mun sake sa zama ranar Juma'a bayan an sauko. Mai unguwa ya ce zai aika a kira malamin daji na ƙaramar hukuma ya zo a yi da shi, Ardo zai zo da waɗanda suka san inda shanu ke kwana, ni kuma an ce in kawo injin feshina guda biyu in nemo na uku. Dawar da ke gefen gabas sai nan da kwana goma sha biyu za a yanke, don haka ta gefen yamma za mu fara in an amince, kuma jiya da na murɗa gambar wajen ta fara ƙara a hannu.